Ƙannena na Damagaram, wane irin barin aiki ne wannan?

Ranar Litinin da ta wuce, wani kantin kayan gini da ke kan hanyar Kasuwar Dole bai buɗe ba sai bayan azahar. Magina da masu amalanke suna tsaye cikin rana, mai kanti yana ta buga waya ba a ɗauka. Yaron da ke riƙe da makulli da littafin lissafi ya karɓi albashinsa ranar Asabar, Lahadi da asuba ya hau motar Yamai. Saƙonsa bai shigo ba sai da hantsin Litinin, ta WhatsApp: "Alhaji a yi haƙuri, na samu wani aiki." Shi ke nan. Makulli yana aljihunsa a Yamai, sai da aka kira mai walda ya yanke kwaɗo. Watansa 7 a wurin, kuma aikinsa na huɗu ke nan cikin shekara 2 da rabi.

Ƙannena, samari da 'yan mata, ba wanda ya ce ku mutu a kan kujera ɗaya. Kifi ma cewa ya yi zama wuri ɗaya tsautsayi. Neman ƙarin albashi halal ne, kuma sau da yawa wanda ya sauya wurin aiki a kan kari yakan samu ƙarin da wanda ya zauna ba zai gani ba cikin shekara biyar. Abin da ke ɓata mini rai shi ne wannan tsalle-tsallen na kowane wata shida, da sulalewa ba sallama kamar wanda ya saci akuya.

Ku fara da lissafi, tunda kuɗi kuka ce kuna bi. A ce kana karɓar jika 150 a nan Damagaram, kana kwana a gidanku a Birni ko Garin Malam, tuwon dare yana jiranka. Aka kira ka Yamai a kan jika 190. Idonka ya tsaya a kan jika 40. Ka tambaya jika 190 ɗin kafin cire-cire ne ko bayansa? Kason ma'aikaci na CNSS, asusun fanshon ma'aikata, kashi 5.25 cikin 100, daga ciki zai fita. Harajin albashi, ITS, shi kuma yana hawa ne yadda albashi ke hawa. Sai hayar ɗaki, da kuɗin ajiya da mai gida zai nema tun kafin ka shimfiɗa tabarma. Sai abin hawa safe da yamma. Sai abincin saye sau uku. In kana da iyali, tukunya ta zama biyu. Yamai kusan kilomita 900 ce daga nan, kowace Sallah, kowane suna, kowace rasuwa kuɗin mota ne zuwa da dawowa. Ka cire duk wannan, ka ga abin da ya saura. Da yawa sai sun shiga wata na uku suke gane cewa garin neman ƙiba sun samo rama. Ni a ganina, in ƙarin da ya rage bayan an cire komai bai kai kashi 20 cikin 100 ba, kuma sabon wurin ba zai koya maka abin da ba ka iya ba, to kaya kawai ka kwashe daga inuwa zuwa rana.

Sannan wace irin takarda za ka sa wa hannu? Mutum yana kan CDI, aikin da ba a yanka masa ranar ƙarewa ba, sai ya yi watsi da shi ya kama CDD, aiki mai wa'adi, na wata 6 don an ce ƙungiyar agaji ce, akwai farar mota mai dogon eriya. Dokar aiki ta ƙasar nan, ta shekarar 2012, ta bambanta su sarai. CDD ranar ƙarewarsa a rubuce take, in ta zo ba wanda ya kore ka, wa'adi ne ya cika. Aikin ƙungiya kuwa da kuɗin mai ba da tallafi yake numfashi. Kowa ya ga abin da ya faru a farkon 2025 da Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje, ayyuka suka tsaya cak, mutane suka dawo gida da kwalayensu. Mu mutanen Damagaram da muka san darajar jarka ɗaya ta ruwa a watan bazara, mu ne za mu zubar da ruwan tulu don mun hango hadari? Kuma ko CDI ne sabon, akwai lokacin gwaji a farkonsa, wanda a cikinsa za a iya ce maka ka tafi ba wa'adi ba diyya.

Akwai abin da daɗewa ke tara wa ma'aikaci wanda mai tsalle ba ya gani. Kuɗin daɗewa da ake ɗorawa a kan albashi da shekarun da ka yi a wuri ɗaya ake lissafa shi, ranar da ka fita ya koma sifiri. Diyyar sallama, in kamfani ne ya rage ma'aikata, ita ma da shekaru ake auna ta, kuma wanda ya ajiye aiki da kansa ba ya da ita. Hutun shekara kwana 2 da rabi ne a kowane wata na aiki, amma wanda bai taɓa cika shekara a wuri ba yaushe zai san daɗin hutun wata guda da albashi? Banki ma in za ta ba ka bashin fili ko na babur, sai ta duba wata nawa albashinka ya yi yana faɗowa daga hannu ɗaya. Fansho kuwa, lambarka ta CNSS ɗaya ce duk inda ka je, amma watannin da aka zuba maka ne ake ƙirgawa ranar da ka kai 60. Wanda ya yi wata 5 nan, ya zauna wata 4 a fada yana shan shayi, ya yi wata 7 a inda ba a ma yi masa rajista ba, shi ne zai je da furfura a buɗe masa fayil ya tarar da ramuka.

Duk wannan da sauƙi a kan sulalewa. Doka ta sa wa'adin sanarwa, wanda ma'aikata ke kira préavis, a kan ɓangare biyu ne. Mai albashin wata yakan ba da wata 1, manyan ma'aikata wata 3. Ka rubuta takarda, ka sa kwanan wata, ka miƙa, a sa maka hannu a kan kwafinka. Wanda ya gudu bai ba da wa'adi ba, mai aiki na da ikon ya bi shi kuɗin wannan wa'adin. Kuma da wane ido za ka dawo neman takardar shaidar aiki? Haƙƙinka ce, dole a ba ka, amma takarda kwanan shiga da na fita da muƙami kawai take faɗa. Abin da ake ɗaukar mutum da shi, kiran waya ne. Damagaram kuwa ba ta da girman da kuke zato. Mai kantin da ka bar wa kwaɗo a kulle, da shugaban ma'aikatan da za ka kai wa takardunka baɗi, a sahu ɗaya suke sallar Juma'a, a tabarma ɗaya suke zaman makoki. Tambaya ɗaya ce, "Yaya yaron nan?" In aka ce "Hmm, yana da ƙoƙari, amma...", an gama da kai. Kaza mai tone-tone ita ke tono wuƙar yankanta.

Wani ya tafi da makulli. Wata ta tafi da lambar sirrin kwamfuta, an kwana uku ba a fitar da rasit ba. Malamin makarantar kuɗi ya bar 'yan ajin jarrabawa a watan Afrilu, saura 'yan makonni su zauna BEPC, don wata makaranta ta ƙara masa jika 10. Direba ya ajiye mota a Tanout ya ce a zo a ɗauka. Mai jinya a ƙaramin asibiti ta ƙi zuwa aikin dare, sai da safe aka ji ta koma wani wuri. Haba! Ko ɗan ga-ruwa in zai daina kawo maka ruwa yakan faɗa maka ka nemi wani. Amana fa ba a kuɗin aljihun tebur kaɗai take ba. Aikin da aka damƙa maka amana ne har ranar da ka miƙa shi hannun wani, da lissafinsa, da makullinsa, da sunayen waɗanda ake bi bashi.

Ban manta da masu cika takardar tarihin aiki da ƙarya ba. Wata 4 ya zama shekara 1, mai kai saƙo ya zama mataimakin shugaba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ana zaunar da kai gaban kwamfuta a ce fitar mana da lissafin wata, sai gumi. Da masu canza aiki don su samu hoton ɗorawa a Facebook da kati a wuya. Da waɗanda albashi bai isa ba saboda cacar ƙwallo ta waya ta cinye rabinsa, su kuma suna zagin mai gida. Wanda aljihunsa ya huje, ko a matatar mai ta SORAZ aka ɗauke shi ranar 20 ga wata zai fara neman rance.

To shekara nawa ya kamata? Shekarar farko koyo kake yi, kana ɓata kaya ana haƙuri da kai. Ta biyu ce kake fara mayar da abin da aka kashe a kanka. A ta uku ake fara ba ka abin da za ka riƙe da kanka, ka ga aiki tun daga tsara shi har rufe lissafinsa, ka ga kuskurenka ya dawo maka ka gyara. Wanda ya fita kafin nan bai ga ƙarshen komai ba, shekarar farko yake ta maimaitawa a wurare daban-daban, yana kiranta ƙwarewa. Saboda haka matashi ya yi 2 zuwa 3 kafin ya ɗaga ido, wanda ya fara riƙe mutane ya yi 3 zuwa 5. Kafin ka fita ma, ka taɓa zama da mai gidanka ka nuna masa abin da ka ƙara wa wurin, ka nemi ƙari? Da yawa ba su taɓa ba, sun fi jin sauƙin guduwa a kan buɗe baki.

Akwai inda tafiya ta wajaba, ba na musu. Inda ake riƙe albashi wata biyu, uku. Inda ake biyan ƙasa da mafi ƙarancin albashi, jika 42 tun farkon 2024. Inda ake cire maka kuɗin CNSS ba a zubawa, wannan kuwa ka je ofishinsu da kanka ka duba. Inda ake sa ka sa hannu a kan lissafin ƙarya. Masu ɗaukar aiki da ke wannan zalunci su ji tsoron Allah, su ne suka koya wa yara cewa alkawari ba komai ba ne. Amma ko a nan, ofishin sufeton aiki yana nan, kuma ƙofa aka shigo da kai, ta ƙofa za ka fita.

Da ba haka muke ba. Yaro yakan yi shekaru a gaban maigidansa, a rumfar dukawa ko a garejin gyaran mota, yana shara, yana miƙa sifana, kafin a bar shi ya taɓa inji. Ranar da zai tashi, mahaifinsa ne ke zuwa da goro. A tara mutanen layi, a yi fatiha, maigida ya ɗauko wasu daga cikin kayan aikinsa ya ba shi, ya ce je ka, Allah ya yi albarka. Har ya tura masa masu kawo gyara na farko. Shekara ashirin bayan nan, in Sallah ta zo, za ka ga wannan yaron, ya zama mai gareji da yaransa, ya durƙusa a zauren tsohon yana gaishe shi. Ma'aikacin gwamnati in aka yi masa canjin gari, sai ya bi gida-gida yana neman gafarar maƙwabta kafin a ɗora kayansa a mota. Yanzu yaro ya ci abincin gidanka wata bakwai, matarka ta san irin yajin da yake so, ɗanka yana kiransa yaya, ya tafi da layi ɗaya a waya. Alhajin nan da aka yanke wa kwaɗo, da aka tambaye shi ko zai ɗauki wani yaron, cewa ya yi zai ɗauka, amma makulli ba zai sake kwana a hannun ɗan kowa ba.