Na je neman dangi a Danmak, alkunya ta kusa kashe ni

A watan Fabrairu na sauka a birnin Aarhus na Danmak karatu, ban kuma cika wata uku ba Hajiya ta fara turo mini saƙon murya a WhatsApp, kullum magana ɗaya: "Ka nemi gidan baffanka kuwa?" Baffan nan a hoto kawai na san shi, da suma buya-buya da wando mai faɗin ƙafa. Ɗan wan kakanmu ne, malamin dabbobi, aka tura shi aiki Numan, a jihar Adamawa ta yanzu, a shekarun 1970. A can ya haɗu da wata nas 'yar Danmak, don tun 1913 'yan mishan ɗin ƙasar ke zaune a garin. Suka yi aure, ta tafi da shi garinsu, ya rasu ina firamare. Ya bar matar da ɗa guda, wanda a lissafin Hajiya yayana ne, ciki ɗaya ne kawai ba mu fito ba.

Da ƙyar na samo shi a Facebook, na kira. Yaya ya yi murna har muryarsa na rawa. Na ce masa da Turanci to gobe in Allah ya kai mu ina nan tafe. Ya yi shiru, na ji ana buɗe takarda, sannan ya ce, "Yaya kake gani a mako na 27?" Ashe mutanen nan lamba suke sa wa makonnin shekara, kuma mu a lokacin muna na 22. Da na faɗa wa Hajiya cewa ta yi, "Ɗan'uwan naka ne zai sa maka rana kamar kotu?"

Ranar ta zo, farkon Yuli. Ban karya ba, wa ke cika ciki zai je gidan dangi? Na hau jirgin ƙasa zuwa Silkeborg, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Ƙarfe goma sha biyu aka ce mini, amma da gangan na tsaya yawo a tasha sai da minti arba'in suka wuce, kada a ce na zo da zalamar abinci. Ina isa na tarar da su duka a ƙofar gida cirko-cirko, an ɗaga tutar ƙasa saboda ni, Yaya riƙe da waya yana shawarar ko ya kira asibiti.

Wata tsohuwa mai farin gashi ta ratso su ta ce, "Sannu da zuwa, ɗana. Ina gajiya?" Hausa ce ta Adamawa tsaf, irin wadda ba ruwanta da ya da ta. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Na zube ƙasa na durƙusa zan gaishe ta, sai ga yaran Yaya biyu su ma sun durƙusa gefena suna dube-dube a ciyawa, wai sun ɗauka wani abu ne ya faɗi. Ta ce in riƙa kiran ta da sunanta kamar yadda kowa ke yi, har jikokinta. Na ce bakina ba zai iya ba. Inna na sa mata, Innar kuma ta bi ta.

Aka shiga ciki. Tebur cike da baƙin burodin nan nasu, an yanka an ɗora kifi da dafaffen ƙwai da jatan lande a kai. Matar Yaya ta tambaye ni ko zan ci. Na sunkuyar da kai irin na ɗan da aka yi wa tarbiyya na ce, "A'a, na gode, a ƙoshe nake." Ta ce to madalla, ta ɗauke farantin da ke gabana ta mayar cikin kabad.

Na zauna ina jiran tayi na biyu. A gidanmu sai an yi uku, a haɗa da rantsuwa, sannan baƙo ya sa hannu yana cewa don dai kun matsa ne. Har suka sauke cokula ba wanda ya sake waiwayata. Inna ce kaɗai ta leƙo ni ta saman tabarau, ta yi ɗan murmushi, ta ci gaba da tauna.

Shirin ranar shi ne hawan dutse. Tun a waya Yaya ya faɗa mini sunansa, Himmelbjerget, wato Dutsen Sama, ni kuwa da na ji haka na je na sayi takalmin hawan dutse da kuɗin cefanen mako biyu. Muka shiga wani jirgin ruwa mai suna Hjejlen, wanda aka ƙera a 1861 kuma har yau da kwal yake tafiya, muka yi sama da awa ɗaya a tafki. Ina ta ɗaga kai ina neman dutse. Can Yaya ya nuna wani tudu mai itatuwa da hasumiya a kansa, ya ce ga shi nan. Mita 147 ne duka-duka. In aka ajiye shi kusa da Dutsen Zuma sai a ɗauka ƙasar gini aka sauke. Da daɗewa sun ɗauka shi ne wuri mafi tudu a ƙasar, sai da aka auna aka ga wani ya fi shi, shi ma bai wuce mita 171 ba, a gonar wani ma yake.

Na yi dariya a zuci, amma dutsen ya rama. Mai yunwa ba ya raina tudu. Kafin rabin hanya ƙafafuna sun fara rawa, wata mata ta wuce ni tana tura jariri a keke. A sama akwai wurin ajiye motoci da masu sayar da askirim, nan muka tarar da Inna, ashe a mota aka kawo ta.

A gindin hasumiyar ne ƙaramar 'yar Yaya ta miƙo mini wata baƙar alewa. Na ce Allah ya kawo agaji, na jefa uku a baki lokaci guda. Jama'a, ku haɗa kanwa da gishiri da ɗan toka, ku naɗe a tayar keke, to kun kusa. Lakrids suke ce mata, kuma yara ma sha suke da marmari. Ba halin tofarwa, yarinya ta kafe ni da ido. Aka tambaye ni yaya na ji. Hawaye na zuba na ce ai ban taɓa shan abu mai daɗinta ba. Suka yi ta tafi, wai ba su taɓa ganin baƙon da ya so ta tun ranar farko ba, lallai jini ba ya ƙarya.

A Agusta suka kai ni Skagen, can ƙurewar arewa, inda tekuna biyu ke karo, kowa na tsayawa ƙafa ɗaya a wannan ɗaya a wancan a ɗauke shi hoto. Ina gyara tsayuwa iska ta fige mini zanna bukar ɗin da na sa musamman don hoton Hajiya. Yaya ya bi ta da kallo ya ce ko Norwe ta nufa ko Siwidin, ya danganta da igiyar da ta ɗauke ta. A hanyar dawowa aka saya mini leda biyu ta lakrids don a rarrashe ni.

Da Kirsimeti ta matso, tun a Oktoba aka sa mini rana, daren 24 ga Disamba, don su a daren suke bikinsu. Na ɗaura niyyar wannan karon ba alkunya. Ƙarfe shida aka ce, shida saura biyar ina tsaye a ƙofa cikin duhu da sanyi, rana ta faɗi tun kafin huɗu. Sun kyauta mini ƙwarai: maimakon naman alade agwagwa aka gasa, matar Yaya ta je har kasuwar Bazar Vest a Aarhus ta sayo yankan Musulmi. Na ci, na ƙara, na kuma ƙara. Inna na gyaɗa kai.

Sai aka kawo wani babban kwano na abin da suke kira risalamande. Kamar kunun shinkafa ne mai kauri da sanyi, da kirim da dakakken almon (wata ƙwaya mai kama da gyaɗa), a zuba jan romon ceri a kai. Matar Yaya da kanta ta zuba mini. A loma ta uku na ji wani abu mai tauri a haƙorina, ƙwaya guda sukutum da ta tsere wa wuƙa. Na dubi baiwar Allah, tun safe take tsaye a kicin, ga surukarta zaune. In na fito da abin nan na tona mata asiri. Wanda ya taɓa tsintar tsakuwa a shinkafar gidan surukai ya san abin da ake yi. Na kora da ruwa, ƙwat, na ci gaba da hira.

Kowa ya cinye nasa, sai na ga ana kallon-kallo. Aka sake zubawa. Aka cinye, aka sake. Yaya ya kwance bel, yaron gidan yana tona nasa da cokali kamar mai neman zobe a rairayi, ƙaramar ta fara kuka. Ni kuwa da na sha alwashin ba ƙin tayi, duk zagayen da aka yi da ni aka yi, har numfashi ya fara yi mini wuya. Da aka kai ga kankare gindin kwano na tambayi Yaya a hankali ko lafiya. Ya ce ai al'ada ce, ƙwaya ɗaya ake sakawa ba a daka ba, wanda ya same ta shi ke da kyauta, kuma ba a tashi sai ta fito. Matarsa dai ni take kallo, fuskarta ta yi ja.

Inna ta ajiye cokali ta ce da Hausa, yadda ba mai ji sai ni, "Ɗana, ka haɗiye, ko?"

Na ce, "Inna, rufin asiri na yi."

Ta yi dariya har da tari. Ta ce haka baffana ya yi a Kirsimetinsa ta farko, shi sai bayan shekara uku ma ya amsa laifi. Sannan ta juya ta fassara musu, gida ya kaure. A nan matar Yaya ta faɗi nata: da gangan ta saka ƙwayar a kwanona don baƙo ya ci kyautar. Wai bisa al'ada ɗan alade ake bayarwa na alewar almon, amma saboda ni suka zauna suka yi shawara, suka zaɓo abin da suka tabbata ina so.

Aka miƙo mini ƙunshi mai nauyi da jan zare. Na buɗe: lakrids, kilo guda cur, mai gishirin sosai. Ƙaramar ta share hawaye ta matso ta ce in sha ɗaya yanzu su gani.