Kafin ka sare bishiyar da ka tarar a fulotinka

'Yan uwana matasa, musamman ku da Allah Ya hore wa kuka sayi fili kuna shirin aza harsashi, ina da magana da ku. Abin da nake gani a sababbin unguwanni yana damuna. Ranar da aka sauke bulo, ranar ake kiran mai gatari. A sare darbejiyar da aka tarar, a tone kututturen, a zagaye filin da doguwar katanga, sannan a malale tsakar gida da siminti ko intalok tun daga bakin ƙofa har bayan ɗaki, ko taku ɗaya na ƙasa ba a bari ba. Maigida ya tsaya ya duba, ya ce gida ya yi tsaf.

Sai bazara ta shigo. Simintin nan ya wuni yana shan rana, dare ya yi ya dinga amayo zafin cikin ɗakuna. A ɗauke wuta, yara su kasa barci, uwargida ta rasa inda za ta shimfiɗa tabarma da la'asar, kowa ya zama mai saurin fushi. Shi kansa maigidan sai ka gan shi ya fice ya tafi majalisa, kuma ka lura, majalisar a gindin bishiyar wani take.

Inuwa kaɗai ba ita ce duka maganar ba. Ran ɗan Adam yana samun natsuwa idan ido ya sauka a kan ɗanyen ganye, kunne ya ji kukan tsuntsu, hanci ya shaƙi ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko. A 1984 wani mai bincike, Roger Ulrich, ya fitar da sakamakon nazarin da ya yi a kan marasa lafiya 46 da aka cire wa matsarmama a wani asibiti a jihar Pennsylvania ta Amurka. Rabinsu tagar ɗakinsu tana kallon bishiyoyi, rabi kuwa bangon jan bulo suke gani. Masu kallon bishiyoyin sun riga sauran barin asibiti da kusan kwana guda, kuma ba su buƙaci maganin kashe zafi mai ƙarfi kamar 'yan uwansu ba. Taga ce fa kawai ta bambanta su. Tun daga nan masu zanen asibitoci a ƙasashe da dama suka ƙara ba lambu da taga muhimmanci. To mai jinya ke nan na 'yan kwanaki, ina ga mahaifiyarka da za ta ƙarasa tsufanta a gidan da kake ginawa?

Kakanninmu ba su jira bincike ba. Dubi sunayen wurare a Kano: Kasuwar Rimi, Kurna, Giginyu, Ɗorayi, Durumin Iya, Tsamiyar Boka. Da bishiya ake kwatance, a gindinta ake karatun allo, ake sulhu, ake ɗaurin aure. Gidan Bahaushe kuma tsakar gida ce zuciyarsa, sama a buɗe, ga rijiya, ga lalle ko zogale a gefe. A karkarar Maraɗi ma, tun daga shekarun 1980 manoma suka koma renon tohon da ke fitowa daga kututture maimakon ƙone shi, har gonakin Nijar kimanin hekta miliyan 5 suka sake samun itatuwa. Gawo shi ne sarkinsu, ya zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, da rani ya yi lif ya ba dabba da makiyayi mafaka.

Kuma ka tuna faɗin Manzon Allah (SAW) da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci, face ya zama sadaka gare shi.

Na san uzurin da ake kawowa: ganye yana ɓata gida, saiwa tana fasa gini. Na farkon tsintsiya ce maganinsa. Na biyun gaskiya ne, amma nisa ake bayarwa. Mangwaro da darbejiya a nisanta su daga katanga da masai, a kai su ƙofar gida inda maƙwabta ma za su amfana. Idan filin ƙarami ne, gwaiba, lemun tsami, gwanda da zogale ba sa cin wuri.

Don haka ɗan uwa, kafin magini ya ja igiya, zagaya filin da shi ka nuna masa bishiyar da ba za a taɓa ba, a zana gidan a kewaye da ita. Ka bar ƙasa a tsakar gida ko da faɗin tabarma biyu ne, ruwan sama ya samu inda zai nutse. Tagar ɗakin Hajiya kuma ka sa ta kalli wajen shukar. Mai zaman haya ma ba a bar shi a baya ba: tsohon bokiti, ƙasa da ɗan taki sun isa ya tayar da na'ana'a ko ɗoɗɗoya a bakin ƙofar ɗakinsa, ruwan alwala ya ishe su ban ruwa.