Yadda gas ya aske mini gemu ranar Babbar Sallah

Laifin wani bidiyo ne da na gani a waya: wani Bature a bayan gidansa da gajeren wando, yana juya nama a kan wani murhun gas mai murfi, ba hayaƙi, ba fifita, ba toka. Saura kwana uku Sallah na shiga Sabon Gari na samo irinsa na hannu, ɗan Beljiyam, mai kawuna uku da tayoyi. Ba zan faɗi kuɗin ba, uwargida tana karanta abin da nake rubutawa. Na ciko silinda mai kilo 12.5, na dawo na shelanta cewa bana an yi sallama da gawayi a gidan nan.

Uwargida ta ce, "To, Allah Ya sa a ci nama."

Kun san gashin nama a gidanmu aikin Kawu ne tun ina firamare. Rabin duro ne da aka tsaga, da ragar waya da ta girme ni, da buhun gawayin ƙirya da yake sa a kawo masa daga ƙauye. Sai ya ɗauki guda ya ƙwanƙwasa, in ya ji nauyi da ƙara kamar ƙarfe ya ce yauwa, irin na maƙera ke nan, yana daɗewa yana ci. In ya ji shi sakayau ya wurgar. Wannan bawan Allah na zaunar na yi wa lacca. Gas murɗawa ake yi a rage ko a ƙara, minti goma ya ɗau zafi, gawayi kuwa sai an yi rabin awa ana fifita, ga sare itatuwa, ga hamada tana matsowa. Har hamada na jawo, jama'a, ni da ko darbejiya ɗaya ban taɓa dasawa ba. Kawu ya bari na gama, ya ce, "Madalla, ɗana. Bari in ja duron nan gefe, kada ya tare maka hanya."

An sauko idi, an yanka, an feɗe. Tsakar gida ta cika: surukai, maƙwabta biyu, yara kamar an tashi makarantar allo. Na fito cikin sabuwar shadda, na karkata hula, na turo abin nan tsakiya. Na buɗe silinda, na murɗe kawunan uku gaba ɗaya, murfi a rufe. Na danna maɓallin kunnawa. Ƙyas. Na sake. Ƙyas, ƙyas. Maimakon in kashe, sai na aiki yaro ya kawo ashana, ni kuma na juyo na ci gaba da bayani, don ƙanin matata ya tambaye ni ko ana iya gasa kifi a kai. Na ba shi amsa a tsanake, har da misalai. Duk wannan lokaci gas yana ta tsiyaya a ƙarƙashin murfi, kuma gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ba ya tashi ya watse, kwanciya yake yi yana jiran mai rabo. Wannan ilimin daga baya na same shi.

Yaro ya kawo ashana. Na ɗaga murfi, na sunkuya, na kai fuskata sosai don in ga inda ramin yake, na ƙyasta.

Ban ji zafi da farko ba. Abin da na ji shi ne "fuuum!", sai wani shuɗin haske, sai na gan ni zaune a cikin bahon da aka wanke kayan ciki. Hula ta tafi wajen rijiya. Tsakar gida ta yi tsit, har kukan ɗan akuyar maƙwabta ana ji. Na kai hannu haɓata, abin ya marmashe a yatsuna kamar busasshiyar kuka. Gemun da na shekara biyu ina shafa wa mai, ɓarin dama ya tafi. Gira ta tafi. Ina zaune ina lissafin yadda zan miƙe da mutuncina, sai muryar surukata ta taso daga ɗaki: "Wai wa ya fara babbakar kai tun yanzu? Ku bari a gama da hanta mana!"

Nan aka fashe. Maƙwabcina, dattijon da ko a ɗaurin aure ba ya murmushi, sai da ya dafa bango. Yara suka zube ƙasa. Uwargida ta rugo ta duba idona, ta ga lafiya lau, ta ce sannu Baban Yara, ta koma kicin, kuma na ji abin da ta yi a can, don kicin ɗin ba shi da ƙofa.

Duk na yafe musu, ban da ƙanin matata. Ashe tun da ya yi tambayar kifi wayarsa take a ɗage. Mutumin da tun da aka cire tallafin mai a 2023 bai taɓa aron motata ya dawo da ita allurar mai tana sama da ja ba. Mutumin da ba a ganinsa wajen kayar da rago, ba a ganinsa wajen fiɗa, amma da hanta ta nuna sai ka ji sallamarsa kamar an buga masa waya. Cajata da ya ara tun azumi har yau tana "cikin ɗaya jakar". Shi ne ya sa ni a status na WhatsApp, ya rage gudun bidiyon daidai inda hula take tashi. Kafin la'asar abokin aikina da ke Zariya ya kira yana yi mini jaje, yana shaƙewa. Da na yi wa ƙanin matar tawa magana wai, "Haba Yaya, ai na rufe fuskarka." Da me? Da hoton wuta.

Duk da haka ban saduda ba. Na canza riga, na kunna abin yadda ya kamata, murfi a buɗe, kai ɗaya bayan ɗaya, na jera haƙarƙari. Rago kuwa mai kitse ne. Kitse ya dinga ɗiga a kan wuta, wuta tana lasowa sama, waje ya yi baƙi ƙirin, ciki da jini. Wanda ya tsira kuma aka ɗanɗana aka ce ba laifi, irin "ba laifi" ɗin da ake ce wa shayin da ba sukari.

Sai na ji ƙamshi daga wajen zaure. Ashe tun muna idi Kawu ya sa jikansa ya hura duro. Ya bari garwashi ya lulluɓe da farar toka, ya ture shi gefe guda, ya jera naman a ɗaya gefen yana shan zafi a hankali, yana shafa man gyaɗa, yana barbaɗa yajin ƙuli-ƙuli. Ɗaya bayan ɗaya mutane suka riƙa tuna cewa suna da magana da Kawu. Na rage ni kaɗai da kawunana uku. Can ya aiko mini da tsoka a takarda, da saƙon wai in ci a hankali, kada yaji ya taɓa wajen.

Silindar dai uwargida ta ɗauke tana girki da ita, ta ce ko ba komai an rage mata zuwa gidan gas. Murhun yana zaure, ana shanya tattasai a kan murfin. Mai askina ya daidaita gemun da ɗaya ɓarin bai tambaye ni komai ba, wanda ke nuna shi ma ya gani. Girar dama ta fara tsirowa. In akwai mai so a cikinku ya yi magana, tayoyin nan lafiyarsu ƙalau.