Ɗan sandan Ingila da kulkinsa, namu da AK

Duk sanda aka kai hari a Zamfara ko Katsina sai guruf ɗinmu na WhatsApp ya ɗau zafi, wasu su ce kawai a bar kowa ya mallaki bindiga kamar Amurka a huta. Ni da nake zaune a Ingila gaskiya ba ta nan nake kallon abin ba.

Nan fa ɗan sanda na yawo a titi ba bindiga. Kulki, ankwa, ɗan feshin barkono, kyamara a ƙirji, wasu da na'urar shokin, shikenan. Masu bindiga runduna ce daban, sai an kira su ko ka gan su a filin jirgi (Ireland ta Arewa ce kawai kowane ɗan sanda ke ɗauka, saboda tarihin rikicinsu). Kuma da yawa cikin mutanen gari haka suke so, ka kawo maganar a raba wa 'yan sanda duka bindiga sai ka ga ana ɗaure fuska.

Ba wai ba su taɓa ganin tashin hankali ba ne. A 1996 wani ya shiga firamare a Dunblane can Scotland ya harbe yara 16 da malamarsu, shekara na zagayowa aka haramta ƙananan bindigogin hannu. Yanzu ko ta harbin tsuntsu kake so sai ka kawo waɗanda za su tsaya maka, likitanka ya ba da bayanin lafiyarka, ɗan sanda ya zo har gida ya jijjiga akwatin ƙarfen da za ka kulle ta ya ga ko an ɗaure shi da bango, bayan shekara 5 kuma a sake sabon lale.

To abin mamaki, a takarda mu ma dokarmu ba wasa. Dokar makamai ta 1959 ta ce manyan bindigogi sai da sa hannun shugaban ƙasa, na kai da kai sai Sufeto Janar, ko bindigar toka sai da izini. Amma ɗan bindiga na baje kolin AK a TikTok ko fuska bai rufe ba, manomi kuma a kama shi da harba-ka-ruga a ɗau hotonsa a hedikwata.

Inda muka rabu da su shi ne lissafin harsashi. Nan in ɗan sanda ya harbe mutum, hukuma mai zaman kanta ce ke karɓar binciken. Ɗan sandan da ya harbe wani mai suna Chris Kaba a Landan a 2022 sai da ya tsaya gaban kotu kan tuhumar kisa, an wanke shi a 2024, amma dai ya tsaya. Mu kuwa direba ya yi gardamar na goro a shinge, anjima a ce wai bindiga ce ta tashi da kanta. Mutum shidan nan na Apo da 'yan sanda suka kashe a Abuja a 2005, sai 2017 aka yanke hukunci, shi ma don lamarin ya tada ƙura ne.

Na san za a ce Birtaniya tsibiri ce, ba ta da iyaka irin ta Jibiya ko Illela, ba ta ga makaman Libiya bayan 2011 ba. Gaskiya ne, kuma su ma wuƙa na cin yaransu. Ba kuma zan zauna a ɗaki mai hita in ce wa mutumin ƙauyen Maru ya naɗe hannu ba, wallahi ba ni da wannan bakin. Amma mun ga 'yan sa kai, mun ga yadda ramuwar gayya ta ƙara wa wutar fetur. A 2022 gwamnatin Matawalle a Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga, 'yan sanda suka ce ai an dakatar da bayarwa. Gwamnatin da ta kasa bin sawun harsashin ma'aikacinta mai lamba a ƙirji, ita ce za ta bi na kowane gida?