Kafin a gina sabon otal a bakin teku, a duba inda ruwan masai yake zuwa

Da zarar garin bakin teku ya fara tsufa, baƙi sun ja baya, abin da ke fara zuwa kan hukumomi shi ne a ƙara otal, a jera fitilu, a buga talla a intanet. Ni dai a ganina wannan shafa hoda ne a fuskar da ba a wanke ba.

Ku dubi Boracay a Filifin. A 2018 shugaba Duterte ya rufe tsibirin har wata shida saboda otal-otal da gidajen abinci da yawa suna sakin ruwan masai kai tsaye cikin teku, wato inda baƙon da ya biya kuɗin jirgi yake iyo kenan fa. Sai da aka gyara magudanai aka rushe gine-ginen da suka shigo cikin mita 30 daga bakin ruwa. Gyaran ya yi kyau, amma wa ya ji a jikinsa? Masu kwale-kwale da masu share ɗakuna, waɗanda ba su ne suka sa hannu a takardar izinin gini ba.

Shi ya sa Calvià ta tsibirin Mallorca a Sifaniya ta fi burge ni, tun shekarun 1990 suka fara sayen tsofaffin otal-otal suna rushewa suna mayar da wurin fili da hanyar masu tafiya a ƙasa, ba su jira abu ya lalace gaba ɗaya ba. Doka kaɗai kuma ba ta isa, Sifaniya na da dokar 1988 da ta hana gini cikin mita 100 daga gaɓa, amma otal ɗin Algarrobico da aka gina dab da gaɓa, wanda kotu ta tsayar da aikinsa a 2006, ya shafe shekara da shekaru a tsaye babu kowa ciki, ana ta shari'a.

Sai maganar da masu tsara birane ba su cika so ba, wurin kwanan ma'aikata. A tsibirin Ibiza na Sifaniya akwai masu aikin otal da ke kwana cikin mota don haya ta fi ƙarfinsu, gidaje da yawa an mayar na baƙi masu yawon buɗe ido. Hukumar birnin Basalona ta ce daga 2028 ba za ta sabunta lasisin irin waɗannan gidajen ba. Masu gidajen na ta kuka, amma ni ina tare da magajin garin a nan.