Kuregen Sama da Ƙwan Mai Shayi

Ɗan ƙanwata ne ya jawo min, wanda ke karatu a makarantar kula da namun daji ta nan Garwa, wadda aka buɗe tun 1970. Yaron ba ya zuwa gaisuwa hannu rabbana, kullum da wani abin al'ajabi a bakinsa. Ran nan ko ruwa bai sha ba ya ce, "Kawu, ka san akwai kurege mai tashi sama?"

Na ce kuregen da na sani shi ne mai tone gyaɗa a gona ya shige rami. Sai ya nuna min a waya. Ga shi kuwa, da manyan idanu irin na mai yawon dare, ga wata fata shimfiɗe daga wuyan hannunsa har idon sawu. Ya ce sun kai iri 50, mafi yawansu a dazukan Asiya, wasu a Arewacin Amurka, ɗaya har ƙasar Finlan. Sai kurege ya hau can ƙololuwar bishiya, ya daka tsalle, ya ware hannu da ƙafa, iska ta tallafe shi yana gangarowa har wata bishiyar. Manyan na Asiya sukan wuce mita 100 a tsalle guda.

Labari irin wannan ba ya kwana a ciki. Bayan isha'i na kai shi teburin mai shayi, ina sanye da babbar rigata ta Juma'a.

Alhaji mai goro bai bari na dire ba. "Malam, jemage aka nuna maka."

Na ce jemage kaɗa fiffike yake, ya tashi daga ƙasa zuwa sama. Wannan kuwa ba ya kaɗa komai, kullum inda zai sauka ya fi inda ya taso ƙasa. Wani direban babbar mota, wanda ke ganin duk abin da bai gani a hanyar Yawunde ba Allah bai halicce shi ba, ya ce shekara da shekaru yana ratsa kurmin kudu bai taɓa cin karo da shi ba. Na ce ai a kurmin nan namu na Kamaru ma akwai mai kama da shi, sai dai ba danginsu ɗaya ba: shi guringuntsin da ke ɗame masa fatar daga gwiwar hannu yake fitowa, kuma a ƙarƙashin gindin wutsiyarsa akwai wasu ɓawo masu kaifi da yake dafe bishiya da su. Da dare yake fita, lokacin da direba ke munshari a ƙarƙashin mota.

Har nan ina da rinjaye. Sai na ƙara da cewa a 2019 masana a Amurka sun ba da labarin cewa idan aka haska nasu da irin fitilar da ake duba kuɗin jabu, sai ya yi ƙyalli ruwan hoda. Teburi ya kece da dariya. Mai shayi har da ajiye ludayi yana share hawaye.

Raina ya ɓaci. Na ce fatar nan ai tamkar babbar riga ce, bari in nuna musu yadda abin yake. Na sa yaron mai shayi ya ɗaure min bakin rigar a idon sawu da igiya, don ilimi ba ya son ha'inci. Da taimakon benci na hau guntuwar katangar da ke gindin dalbejiya, na ware hannuwa. Wallahi iskar Binuwai ta cika rigar, har na ji wani ya ce "Ikon Allah!"

Kurege idan ya kusa sauka yakan ɗaga kai, ya rage gudu, ya dafe bishiya da ƙafa huɗu. Ni ma da huɗun na sauka, amma a kan tire ɗin ƙwai. Burodi ya yi gabas, gwangwanin madara ya yi yamma, ni kuma ƙafa a ɗaure, na kasa ko miƙewa.

Alhaji mai goro ya leƙo ni ya ce, "Malam, mun yarda kurege na tashi. Kai ne dai ba kurege ba."

Har gobe ina nan a kan bakana: sitaci ne bai ji rigar ba. Uwargida da ta ga shaddar ba ta ce uffan ba, ta dai kira ɗan ƙanwar tawa a waya ta miƙo min. Ya saurara tsaf, sannan cikin ladabi ya ce, "Kawu, ƙaramin na Amurka fa bai kai giram 100 ba." Na ce masa wannan bayanin ya kamata ya fara yi tun da rana.

Kuɗin ƙwan ina biya kaɗan-kaɗan. Mai shayi bai riƙe ni a zuci ba, sai dai duk daren da ya hango ni tafe da babbar riga, sai ya tura tiren ƙarƙashin teburi kafin ya amsa sallama.