Abin da Masu Zanenmu Za Su Koya daga Tsofaffin Mawaƙa

A wani ƙauye da ke kusa da Haɗeja akwai mata da miji da suke cin abinci da zane, kuma ina so in yi magana a kan aikinsu domin a ganina sun riƙe wani abu da yawancin matasanmu masu zane a waya da kwamfuta suka saki. Maigidan ya fara ne da fenti da buroshi, yana rubuta allunan shaguna yana kuma ƙawata jikin manyan motoci, daga baya ya koyi haɗa katin biki da takardun talla a kwamfutar da yake yi wa caji da sola. Uwargidan kuwa mai zanen hula ce. Ita take fitar da fasali a kan farin yadi, matan unguwa su karɓa su bi da zare da allura, kuma idan kakar bukukuwa ta zo tana yi wa amare lalle. Duk wanda ya saba shiga zaurensu ya san cewa ba a aiki a gidan sai da tsofaffin waƙoƙi suna tashi a hankali daga ƙaramar rediyo mai cin memori, waɗanda suka kwafo daga kasa-kasai da suka gada da kuma wajen masu tura waƙa a kasuwa.

Kowannensu da gwaninsa. Maigidan mutumin Alhaji Mamman Shata ne, wanda ya shafe fiye da shekara hamsin yana waƙa da kalangu, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988, kuma ya rasu a 1999. Yana kuma son gurmin Haruna Uji, wanda a wajen mutanen ƙasar Haɗeja ɗan gida ne. Uwargidan ta fi karkata ga Barmani Choge, mai amada da kiɗan ƙwarya, wadda ta rasu a 2013, saboda yadda ta riƙa zaburar da mata su kama sana'a su daina zaman jiran a ba su. Inda suka haɗu shi ne Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, mutumin da ya riƙe Arewa da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak, ya kuma yi wa ƙananan masu sana'a waƙa a lokacin da mafi yawan makaɗa sarakuna da attajirai suke fuskanta.

Ra'ayina shi ne waɗannan waƙoƙi suna cikin abin da ya sa zanen gidan nan ya fita daban, kuma dalilin a fili yake. Tsohon mawaƙi ba ya yi wa mutum waƙa sai ya san shi. Yana sanin garinsu da sunan mahaifinsa da sana'ar da ya gada, yana sanin abin da yake alfahari da shi da abin da abokan hamayyarsa suke faɗa a kansa, shi ya sa waƙar da aka yi wa manomi ba za ta hau kan ɗan dambe ba, wadda aka yi wa direba kuma ba za ta dace da basarake ba. Mai sauraro da bai taɓa ganin wanda ake yi wa waƙar ba yana iya siffanta shi a zuciyarsa daga abin da ya ji. Wannan ɗabi'a ta tsayawa a san mutum kafin a buɗe baki ita ce na ga ta shiga hannun maigidan nan.

Na ga lokacin da wani mai sayar da bandar kifi ya zo yana son a yi masa allo da takardar da zai riƙa liƙawa a jikin kwali. Ya zo da hoto a wayarsa wanda ya samo daga intanet, na wani kifin teku mai sheƙi yana tsalle a cikin shuɗin ruwa, ya ce irin wannan yake so. Maigidan bai yi masa musu ba. Ya tambaye shi, "Malam, wane kifi ne ya fi tafiya a wajenka?" Mutumin ya ce tarwaɗa, sai kuma karfasa. Ya sake tambayarsa ko masu saye suna zuwa ne su ga kifi yana iyo, ko kuwa suna zuwa ne su ga banda ta gasu ta yi kyau. Daga nan ya ɗauki fensir ya zana tarwaɗa a nannaɗe, wutsiya ta haɗu da baki kamar yadda ake lanƙwasa ta kafin a ɗora a kan wuta, da gashin bakinta a fili, ya ba ta launin ruwan ƙasa mai duhu irin na kifin da hayaƙi ya ratsa. Sunan mai kifin da na garinsu ya rubuta su da manyan baƙaƙe, da boko da ajami, domin da yawa daga dattawan da suke ciniki a kasuwannin karkara ajami suka fi karantawa. Ko wanda ba ya karatu sam, da ya hango allon daga nesa ya san abin da ake sayarwa a rumfar.

A kwatanta wannan da abin da ya cika mana gari yanzu. Matashi zai buɗe manhaja ya ɗauko fasalin da aka riga aka shirya a wata ƙasa, ya sauya suna da kwanan wata, ya miƙa. Katin ɗaurin auren da za a yi a Ringim ko Gumel sai ka same shi da furannin da ba su taɓa tsirowa a ƙasarmu ba, da rubutun Turanci mai lanƙwashe-lanƙwashe wanda liman da zai ɗaura auren ma sai ya sha wahala kafin ya gane wurin da lokacin. Ban ɗora wa yaran laifi gaba ɗaya ba, domin abin da masu ba da aikin suke nema ke nan, kuma suna son a gama musu yau a kan kuɗin da bai kai na katin waya ba. Amma sakamakon shi ne katin kowa ya zama iri ɗaya, ba a gane na Bahaɗeje daga na mutumin Legas.

Aikin uwargidan ya fi ba ni sha'awa, kuma shi ne aka fi rainawa. Wanda ya sa hula a kansa ba kasafai yake tunanin cewa wani ne ya zauna ya auna yadin, ya raba shi gida-gida, ya ƙirga yadda fasalin zai zagayo ya haɗu a baya ba tare da an ga mahaɗa ba. Ita da kanta ta bayyana mini yadda take kallon abin. Ta ce a waƙar gargajiya akwai amshi wanda yake dawowa bayan kowane ɗa, shi ne yake riƙe waƙar, jagora kuma ya yi ta kawo sabon zance a tsakani. To haka take shirya hula, ta sa fasali ɗaya ya riƙa maimaituwa a kewaye, a tsakaninsa kuma ta riƙa sauya launi ko ta shigo da dagi ko wani ƙaramin ado, yadda ido zai sami abin da ya sani da kuma abin da bai zata ba. Na kalli hannunta tana jan layi da biro a kan yadi ba tare da ma'auni ba, tana barin fili fari a wasu wurare da gangan, tana cewa idan aka cika ko'ina da zare hular za ta yi nauyi kuma adon zai shaƙe. Na sha ganin masu digiri a fannin zane da ba su kai ga wannan fahimta ba.

Na san akwai masu cewa waƙa shagala ce, kuma mawaƙan da maroƙa ne masu yabon wanda ya ba su da zambo ga wanda ya hana. Wannan magana tana da ƙanshin gaskiya, kuma mutanen gidan nan ba su musanta ta ba. Akwai waƙoƙin da ba sa sawa idan yara suna kusa, ana kuma kashe rediyo da zarar an kira salla. Idan an kawo wa maigidan allon wanda ya sauke Alƙur'ani domin a yi masa zayyana, a cikin shiru yake yin aikin daga farko har ƙarshe. Abin da suke ɗauka daga waƙoƙin shi ne tsabtar Hausa, da iya siffanta mutum a cikin kalmomi kaɗan, da haƙurin gina abu a hankali. Wanda yake da ra'ayin kauce wa kiɗa gaba ɗaya yana da hujjarsa kuma ina girmama shi, amma ko shi zai sami irin wannan tarbiyyar ido a zanen tsofaffin gine-ginen ƙasa, da askar babbar riga, da sassaƙar ƙwarya, da rinin da ake yi a Kura da Ƙofar Mata.

Abin da yake damuna ƙwarai shi ne yadda ake biyan irin wannan aiki. Hular da uwargidan ta zana, wata mata ta kwashe makonni tana ɗinkawa, idan ta isa Kano kuɗinta yana ninkawa, amma mafi yawan ribar a hannun dillalai take tsayawa, kuma babu mai ambaton sunan wadda ta fitar da fasalin. Idan wani fasali nata ya karɓu, kafin wani lokaci an kwaikwaye shi a ko'ina. Maigidan ma mutane sukan biya kuɗin fenti da katako ba gardama, amma da ya ambaci ladan tunani da zane sai a ce ai ba wani abu ya yi ba.

Ina da roƙo ga masu makarantun firamare da Islamiyya a ƙananan hukumominmu, da ƙungiyoyin da suke buga takardun wayar da kai a kan rigakafi ko noman rani. Yaranmu na karkara suna koyon karatu da littattafan da hotunansu ba su yi kama da gidajensu ba, alhali a kusa da su akwai masu iya zana rumbu da garma da amalanke da matar da take sussukar gero, yadda yaro zai gane su nan take ya kira sunansu. Idan za a buga irin waɗannan takardu, a nemi masu zane na ƙauyukan da za a raba su, a biya su kuɗin zanen daban da kuɗin bugawa, a kuma rubuta sunayensu a ƙasan aikin, na mijin da na matar.